Ramukan da ke bayan murhun gas: daga ina suka fito, kuma me zai faru in abinci ya faɗa ciki?

Kana juya shinkafa a tukunyar da ke kan bakin wuta na baya, sai 'yan ƙwayoyi suka yi tsalle suka faɗa cikin wasu ramuka da ke jere a bayan murhun. Ka leƙa, duhu. Ka zura yatsa, bai shiga ba. Bayan kwana biyu ka kunna obin za ka gasa kaza, sai ƙauri ya cika kicin, ka rasa daga inda yake fitowa.

In murhunka irin mai tsayin nan ne, mai bakunan wuta a sama da obin a ƙasa, da wuya a ce wannan bai taɓa faruwa da kai ba. Dabarar da ke fara zuwa wa mutum ita ce ya yanko takardar foyil ya lulluɓe ramukan, kowa ya huta. To, dakata tukuna. Ramukan nan ragowar bututun hayaƙi ne, kuma in ka ji tarihinsu za ka gane abin da ya sa toshe su ya fi faɗawar shinkafa haɗari.

Lokacin da hayaƙi ke neman hanya da kansa

A ƙasar Hausa an saba girki a tsakar gida, a kan murhu mai duwatsu uku, iska ta kwashe hayaƙin. In damina ta kora mutane cikin madafi, kunkunniyar da ke manne a rufi ta isa shaida. Mutanen arewacin Turai kuwa sanyi bai bar su su yi girki a waje ba. Shekaru aru-aru a tsakiyar ɗaki suke hura wuta, hayaƙi ya fita ta wata kafa a rufi ko ya bi ta cikin jinka. Sai wajajen ƙarni na 12 aka fara gina bututun hayaƙi a jikin bango, shi ma a gidajen sarakuna da attajirai. Ɗaya daga cikin mafi tsufa da suka rage a Ingila yana fādar Conisbrough, wadda aka gina wajajen 1185.

Daga nan wuta ta tashi daga tsakiyar ɗaki ta koma jikin bango. Riƙe wannan, don shi ne mafarin abin da ya sa har gobe murhu ke jingine da bango, numfashinsa kuma ta baya yake fita.

Da aka kulle wuta a cikin akwati

Girki a buɗaɗɗiyar wuta yana cin itace ba kaɗan ba, domin yawancin zafin sama yake gudu. A 1735, wani magini mai suna François de Cuvilliés ya tsara murhun bulo a birnin Munich na Jamus, wanda wutarsa ke rufe, tukwane kuma suna zaune a kan ramuka a sama. A shekarun 1790, a wannan birni dai, Benjamin Thompson, haifaffen Amurka wanda aka fi sani da Count Rumford, ya ƙara gyara dabarar lokacin da yake neman hanyar ciyar da talakawa masu yawa da itace kaɗan. Kowace tukunya ya ba ta 'yar wutarta da ƙofar rage iska, hayaƙin kuma yana bin hanyoyi a cikin ginin kafin ya kai bututu.

Rumford ya kuma ƙera akwatin ƙarfe na gasa nama, ya sa masa bututu a sama don tururi ya fita. Ya lura cewa naman da aka kulle da tururinsa ba gasuwa yake yi ba, dahuwa yake yi. Ka ga tun a lokacin an gane akwatin gashi na buƙatar mafita saboda dalili biyu: hayaƙin wuta da tururin abinci.

A 1802 George Bodley ya yi rajistar murhun ƙarfe rufaffe a Ingila, a 1834 kuma Philo Stewart ya fito da nasa ƙarami a Amurka. Dukkansu itace ko gawayin kwal suke ci, kuma kowanne da bututun ƙarfe a bayansa mai kai hayaƙi waje. Babu mai tunanin toshe wannan bututu, don hayaƙin da kansa zai kore shi daga ɗakin.

Gas ya zo, aka datse bututu

A 1826 James Sharp, ma'aikacin kamfanin gas a garin Northampton na Ingila, ya yi rajistar murhun gas, bayan shekara goma kuma ya buɗe masana'anta. A 1841 shahararren kuku Alexis Soyer ya sa gas a kicin ɗin Reform Club da ke Landan. Sai dai wutar gas ta farko ruwan ɗorawa ce, tana baƙanta tukunya. A 1855, a jami'ar Heidelberg, Robert Bunsen da maƙerinsa Peter Desaga suka fito da bakin wuta mai gauraya gas da iska kafin a kunna. Wannan ne asalin shuɗiyar wutar da kake gani a murhunka.

Shuɗiyar wuta ba ta hayaƙin da ido ke gani. Saboda haka masu ƙera murhu suka ga babu dalilin jan dogon bututu har waje. Suka datse shi, suka bar ɗan guntu a bayan obin, bakinsa na buɗewa a cikin kicin. Wannan guntun ne ramukan da shinkafarka ta faɗa.

Amma fa rashin hayaƙi ba ya nufin babu abin da ke fita. Gas ɗin da ke cikin silindarka, in ya ƙone sosai, yana zama iskar kabon dayoksaid da tururin ruwa. Kilo ɗaya na gas yana fitar da ruwa wajen kilo ɗaya da rabi. Kuma kowace lita ta gas tana buƙatar iska fiye da lita 20 kafin ta ƙone yadda ya kamata. Ta ina iskar za ta shiga? Ta ƙasan obin, kusa da bakin wuta. Da ta yi zafi sai ta yi sama, ta zagaya abincin, ta fita ta ramukan baya, fitarta kuma ita ke jawo sabuwa daga ƙasa. Babu fanka, babu inji. Ainihin aikin da bututun Conisbrough ke yi ke nan, an dai rage masa tsawo.

Da aka fara sa wa obin na'urar daidaita zafi, irin Lorain a Amurka a 1915 da Regulo a Ingila a 1923, wannan zagayen iska ya ƙara muhimmanci, don na'urar na aiki daidai ne idan zafi na yawo yadda aka tsara.

Me ya sa na lantarki ma yake da su?

Tambaya ce mai kyau. Tun 1892 Thomas Ahearn ya dafa abinci da obin na lantarki a birnin Ottawa na Kanada, kuma lantarki ba ya ƙona komai. Sai dai matsalar Rumford na nan: burodi da nama suna fitar da tururi, in bai samu hanya ba, abinci ya yi laɓo-laɓo. Shi ya sa na lantarki ma ke da mafita, wani a baya, wani a ƙarƙashin ɗaya daga bakunan wuta na baya. Obin da ake sakawa a cikin kabad kuma sau da yawa ta gaba yake fitar da iska da taimakon fanka. A 1963 kamfanin General Electric ya fito da obin mai wanke kansa, wanda ke kai zafi wajen digiri 480 a ma'aunin Salsiyos ya mayar da maiƙo toka. Hayaƙin wannan ƙuna ma ta ramukan yake bi.

To, ina abincin da ya faɗa yake zuwa?

Ba ya zuwa ko'ina. Ƙwayar shinkafa, wake ko ɗan yankan albasa kan tsaya a cikin hanyar iskar, ko su gangara tsakanin jikin obin da murfin baya. Zafi ya busar da su, ya mayar da su gawayi. Ƙaurin da ka ji ke nan, kuma yawanci yakan wuce bayan gashi ɗaya ko biyu. Abin lura shi ne mai ko miya mai maiƙo da ta kwarara ciki da yawa, ko leda, ko cokalin roba, domin waɗannan na iya yin hayaƙi sosai, har su kama da wuta. Abincin da ya daɗe a ciki ba a kunna obin ba kuma gayyatar kyankyaso da ɓera ne.

Ga abin yi. Kashe komai, rufe kan silinda, zare filogi in akwai, ka bari murhun ya huce sarai. Haska tocila ka duba. Abin da ke kusa ka zaro shi da ɗan matsefi ko ka zuƙe da injin shara. Kada ka zuba ruwa, don akwai wayoyi da audugar riƙe zafi a wurin. In abin ya yi nisa, ko mai ne da yawa, ko roba, kira mai gyara ya kwance murfin baya. Nan gaba kuma, tukunyar da ke yawan tafasowa ka ɗora ta a bakin wuta na gaba.

Abin da ba a yi shi ne toshewa. In ka rufe ramukan da foyil, tsumma ko faranti, iskar da ta ƙone ba ta fita, sabuwa ba ta shiga. Wuta ta rasa oksijin, sai ta fara fitar da kabon monoksaid, gubar nan da ke halaka mutanen da suka kwana da janareta a cikin gida. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sama da sau 200. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da mutum zai iya ɗauka gajiya ce ko somin zazzaɓi. In kana jin haka duk lokacin da obin ke kunne, ko ka ga wutar ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta ƙarfe, kashe ta, buɗe tagogi, fita waje, a nemi mai gyara. Wanda ya galabaita a kai shi asibiti nan take.

Ka tuna kuma, tunda an datse bututun, kicin ɗinka ne ya zama sauransa. Duk abin da ya fito ta ramukan a ɗakin yake tsayawa sai ka ba shi hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, akasari saboda girki da itace, gawayi da kananzir. Gas ya fi su tsabta nesa ba kusa ba, amma shi ma wuta ce, kuma wuta sai da iska. Don haka in za ka kunna obin, buɗe taga, ka bar ramukan baya a buɗe. In shinkafa ta sake faɗawa, ɗan ƙauri ne kawai, zai wuce.