BENEN SAYARWA A KONGO DA TARIHIN ƘASAR DA YAKE KAI

Dalilin wannan rubutu shi ne wani allo da na gani a Kongo sa'ad da na je gaisuwar rasuwa a Tudun Wada. An kafa shi ne a gaban wani dogon bene mai gilasai, an rubuta cewa ana sayar da hawa na sama, mai falo ɗaya ƙato wanda ba a yanka shi da bango ba. Na tsaya na tambayi dillali. Kuɗin da ya faɗa mini, fanshona na shekara ashirin ba zai biya ba. Amma ba kuɗin ne ya tsaya mini a rai ba. A daidai wurin nan akwai wani gidan ƙasa mai zankwaye da zane a fuskarsa, inda muke fakewa a zaure in ruwa ya tare mu ranar fita gari. Yanzu ko tubalinsa babu.

Dillalin ya yi ta nanata mini cewa unguwa ce mai tarihi, shi ya sa take da tsada. Gaskiyarsa, sai dai da na tambaye shi tarihin, sai ya yi dariya. To, ga ɗan abin da ya kamata ya sani.

Kafin zuwan Turawa, wanda ya ce Zariya yana nufin cikin ganuwa ne. Turawa sun kama garin a 1902, kuma bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso wajen 1911 sai gari ya rabu. Sabon Gari ya zama mazaunin ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, akasarinsu mutanen Kudu, kantunan Turawa kuma suka kafu kusa da tasha, har yau ana kiran wurin PZ da sunan ɗaya daga cikin kamfanonin. Tudun Wada kuwa, tsakanin Ƙofar Doka da kogin Kubanni, nan baƙi 'yan Arewa suka sauka, wato leburori da masinjoji da malaman asibiti da 'yan ƙoli, waɗanda ba su da gidan gado a birni. Saboda haka tun asali unguwar baƙi ce, unguwar haya.

Kongo ta sami sunanta a duniya ne ta hanyar makaranta. A 1947 aka buɗe wurin horar da akawuna a can, domin En'e-En'e na Jihar Arewa suna fama da ƙarancin masu iya riƙe littafin baitulmali da buga tafireta. A 1954 wurin ya zama Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki. Da mulkin kai ya matso, nan aka riƙa horar da 'yan ƙasa waɗanda za su gaji kujerun Di'o-Di'o, nan kuma alƙalai suka zo kwas sa'ad da aka kawo sabuwar dokar hukunta laifuffuka ta Arewa a 1960. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba, 1962, sai Cibiyar ta shiga ƙarƙashinta, fannin shari'a da na mulki suka zauna a Kongo, akasarin sauran suna Samaru. A shekarar nan ce kuma aka kafa Babbar Kwalejin Horon Malamai, wadda daga baya ta zama Kwalejin Ilmi ta Tarayya, da yawa daga malamanmu ma can suka fito. Ku duba yawan alƙalai da lauyoyi da manyan sakatarori da suka kwana a ɗakunan haya na Kongo da Gyallesu suna ɗalibai, suna cin tuwon bashi. Wasu suna cikin ƙungiyar nan tamu, ba sai na kama suna ba.

Wani abin sha'awa, ɗaya daga cikin Turawan da suka koyar a Cibiyar, Kirk-Greene, ya fitar da ɗan littafi a 1963 a kan gidajen Zariya masu ado. Abin da ya ja hankalinsa shi ne abin da mu muke wucewa ba mu kallo. Magina suna cuɗa ƙasa da ciyawa su yi tubali, su rufa da azara, su ɗaura bakan gizo a zaure, su shafe da makuba, sa'annan su zana dagi da takobi a bango, wani mai gida ma ya sa a zana masa keke ko mota, don a san ya samu. Wannan sana'a tana da tushe a garin, gama Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma masana gine-gine na ƙasashen waje sun yi ta zuwa kallonsa.

Irin benen da na gani kuwa ba namu ba ne, an kwaikwayo shi ne daga Amurka. A birnin Niyok, a unguwar Soho, masana'antu sun tashi sun bar manyan ɗakuna wayam, sai masu zane marasa kuɗi suka shiga ciki a shekarun 1960 saboda araha da haske. A 1973 hukuma ta sa unguwar cikin wuraren tarihi da ba a rushewa. Da wuri ya yi suna, attajirai suka saye, masu zanen suka kama gabansu. Amma ku lura, su can tsohon ginin suka bari a tsaye suka gyara cikinsa. Mu nan sai mu rushe tsohon, mu gina sabo, sa'annan mu sayar da shi da sunan tarihi.

Akwai kuma maganar ƙasa. A da, gida abin gado ne, wanda ya sayar da gidan ubansa sai an yi da shi a unguwa. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da mai gida yake riƙe da shi takardar izinin zama ce, galibi ta shekara 99. To, wanda ya sayi hawa na uku, ina ƙasarsa? Na yi wa dillali wannan tambaya, ya ce lauya zai yi bayani. Da wani tsohon malaminmu na tarihi ya ji labarin, cewa ya yi, "Ashe yanzu har iska ake saya a Zariya."

Ba na zargin magadan da suka sayar. Gidan ƙasa yana son yaɓe kowace shekara kafin damina, maginan da suka iya sun yi ƙaranci, magada kuma goma sha ne, kowa da buƙatarsa. Ni kaina da hannuna na sa siminti a gidanmu. Sai dai na san a cikinmu akwai masu zanen gini, akwai lauyoyi, akwai waɗanda ake jin maganarsu a Kaduna da Abuja. Gidajen zane da suka rage tsakanin Kongo da Ƙofar Doka ba su da yawa, ana iya zagaye su da ƙafa a yini ɗaya, a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan maginin kowanne tun da sauran tsofaffin da suka sani. Na rubuta wa sakatare cewa a sa wannan cikin ajandar taronmu na shekara, kuma wanda yake da tsohon hoton unguwar a akwatinsa, don Allah ya taho da shi.