Shekarar da Aka Yanke wa 'Yan Makaranta a Sudan

A gabashin Sudan, cikin jihar Gadarif, akwai wata ƙasar noma a bakin iyakar Habasha da ake kira Fashaga, inda kogin Setit yake haɗuwa da na Atbara. Akwai Hausawa a ƙauyukan bakin waɗannan koguna, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Yaransu suna cikin waɗanda aka gwada wani babban lissafi a kansu, ya kuwa kamata duk ikkilisiyar da take riƙe da makaranta ta san labarinsa.

Kafin 1970 karatun boko a Sudan shekara 12 ne, kashi uku, kowane kashi shekara 4. A zamanin Shugaba Numeiri, a 1970, aka mai da shi 6-3-3, amma jimlar ba ta canja ba. Sai bayan da Umar al-Bashir ya karɓi mulki a 1989, aka yi babban taro a kan ilimi a 1990, aka haɗe firamare da midil suka zama shekara 8, sakandare kuma 3. Jimla 11 ke nan. Shekara guda ta tafi.

Masu wannan shawara sun ce ba a yi hasarar kome ba, gama za a ƙara kwanakin karatu daga 180 zuwa 210 a shekara. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: 180 sau 12 ya ba da 2,160, amma 210 sau 11 ya ba da 2,310. A takarda har ribar kwana 150 aka ci, yaro kuma ya gama da wuri ya kama aiki.

To, sai dai ƙasar Fashaga ba ta san takarda ba. A wancan tsari makarantu suna buɗewa wajen Yuni ko Yuli, su rufe a Maris kafin bazara ta yi tsanani. Yuli kuwa tsakiyar damina ce. Ƙasar wurin baƙar laka ce, in ta sha ruwa mota ba ta motsi, malamin da ya je gari karɓar albashi sai ya jira hanya ta bushe. Damina na ɗaukewa sai riɗi ya nuna. Wanda ya taɓa noma riɗi ya san halinsa: in aka yi jinkirin yanka, kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube ƙasa. Uban da abincin gidansa na shekara yake cikin wannan gona ba zai bar ɗa mai shekara 13 zaune a aji ba, ni kuwa ban ga laifinsa ba. Bayan riɗi ga girbin dawa. Kwanakin da aka ƙara suna nan a rajista, yaron ne ba ya nan.

Akwai kuma abin da kwanaki ba su iya saye. Shekarar da aka cire shekarar girma ce, kuma abin da ƙwaƙwalwar ɗan shekara 12 take ɗauka ba a cusa wa ɗan shekara 11 don an tsawaita zangonsa. Iyaye ma sun yi ta kukan haɗa ɗan shekara 6 da saurayi mai 14 a fili ɗaya.

An yi kusan shekara 30 ana wannan gardama. A 2020, bayan faɗuwar al-Bashir, gwamnatin riƙon ƙwarya ta komar da 6-3-3, makarantar midil ta dawo. Ba a kai ga ganin amfaninsa sosai ba sai yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023. Makarantu suka rufe wata da watanni, a Gadarif kuwa ɗakunan karatu da yawa suka zama masaukin waɗanda suka gudo daga Hartum da Wad Madani.