Bango, Bodin Roka da Masara: Tarihin Zanen Titi a Ƙasar Funtua

Da an ambaci zanen bango, ko girafiti kamar yadda ’yan zamani ke cewa, hankalin matasanmu birnin Niyok yake tafiya, inda yara suka riƙa fesa laƙabinsu a jikin jiragen ƙasa a farkon shekarun 1970, ko kuma katangar Balin da aka cika da fenti kafin a rushe ta a 1989. Da wuya ka ji an ambaci Funtua ko Malumfashi. Alhali duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Funtua, ya karkata Bakori ya nufi Malumfashi, ya ratsa zanen titi na kusan shekara ɗari. Abin da ya sa ba ma ganinsa shi ne bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Duk inda kuɗin yankin ya koma, nan zanen yake binsa.

Da farko a bangon ƙasa yake. Maginan Hausa sun daɗe suna ƙawata fuskar zaure: a yi yaɓe, a fitar da dagi da zobba tun ƙasar tana ɗanya, a shafe da makubar ɗorawa ko laso don kada damina ta cinye. A Zariya, garin Babban Gwani, sana’ar ta kai matuƙa, kuma a ƙarni na 20 sai ga sababbin baƙi a cikin zayyanar: keke, agogo, mota, har jirgin sama. Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi a kan waɗannan gidaje a 1963. Keke a fuskar zaure sanarwa ce cewa mai gida ya samu. A wannan zamanin ne kuɗi ya fara shigowa kudancin Katsina da ƙarfi. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua ya isa Ƙaura Namoda a 1929, kamfanin auduga na Ingila, BCGA, wanda bakin Bahaushe ya mayar Bisije, ya kafa gidajen gurza a Funtua da Malumfashi. Sai dai zanen ƙasa ba ya jure sakaci. Damina biyu ko uku ba yaɓe, shi ke nan. Da siminti da kwano suka zo, mai kuɗi ya daina kiran magini ya yi masa dagi, ya koma kiran birkila.

Zanen bai mutu ba, mota ya hau.

Da titi ya ƙwace kaya daga hannun jirgin ƙasa, Funtua ta ci ribar zamanta mararraba: hanyar Zariya, hanyar Gusau da Sakkwato, hanyar Katsina, ga kuma ta Birnin Gwari mai gangarawa kudu. Masarar Dandume da Bakori, dawa, waken suya, auduga, duk a bayan gingimari suke fita. Sarauniyar wannan zamani ita ce Marsandi 911, wadda direbobi ke kira roka, kuma a farkon shekarun 1980 kamfanin ANAMMCO ya fara harhaɗa manyan motocin Marsandi a Inugu. Kai da shasi kawai ake saye. Kafinta ne zai ƙera bodin katako, sannan mai fenti ya karɓa. Wannan katakon, musamman ƙyauren baya, shi ne allo mafi girma da mai zane ya taɓa samu a ƙasar nan.

Me ake zanawa? Zaki ya danne barewa. Mikiya ta fizgo maciji. Ɗawisu, masallaci mai hasumiya biyu, ɗan kaboyi da bindiga, jarumin fim ɗin Cana ya ɗaga ƙafa sama. Wasu masu motocin ba sa son hoton abu mai rai saboda abin da malamai suka faɗa, sai su tsaya ga furanni da masallaci da rubutun Larabci. Idan ka lura, mota ɗaya takan haɗa addu’a a goshi da zaki a baya, kuma mai ita bai ga wani saɓani ba: gaba neman tsari, baya gargaɗi ga na biye.

A ganina, rubutun ma ya fi hoton daɗi. “Hassada ga mai rabo taki.” “Mahaƙurci mawadaci.” “Allah ya kiyaye.” Mai karatu, kada ka ɗauka ado ne kawai. Sau da yawa habaici ne ga ɗan’uwan da ya ce ba za a iya ba, ko ga tsohon ubangidan da aka rabu da shi baram-baram, kuma duk tasha an san da wa ake. Rubutun kan zama sunan motar, har ’yan kamasho su manta da lambarta. Ka ga kuwa mutumin da aka yi wa habaici a ƙyauren roka ya shiga uku, don maganar za ta je Legas ta dawo ta wuce ta ƙofar gidansa. Masu zanen Niyok sun zaɓi jirgin ƙasa ne domin aikinsu ya zaga gari. Namu sun samu haka ba tare da ɗan sanda ya bi su ba, har biyansu ake yi.

Bangon siminti kuwa siyasa ce ta raya shi. Tun zamanin fartanyar NPC da tauraron NEPU, alama ce ke magana da mai zaɓen da bai yi boko ba. A 1979, lokacin Funtua da Malumfashi suna cikin tsohuwar jihar Kaduna, mabuɗin PRP ya kara da gida da masara na NPN. Balarabe Musa ya ci kujerar gwamna, majalisar da NPN ta mamaye ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Bayan an yanke jihar Katsina a 1987 sai ga dokin SDP da mikiyar NRC, daga baya lemar PDP, masarar ANPP, alƙalamin CPC a 2011, sannan tsintsiya. Masara ta yi takara sau biyu ke nan a yankin da ke nomanta. Aikin dare ne galibi: a yanka kwali, a ɗora a bango, a goga fenti, gari ya waye da “Sai wane”. Wani ya zo ya shafe, ya rubuta nasa. A tsohuwar katangar makaranta da fentinta ya fara ɓarewa, kana iya ganin zaɓe biyu ko uku a kwance, ɗaya a kan ɗaya.

Akwai kuma ƙananan rubuce-rubuce da ido ya saba da su har ya daina gani. “Ba shiga” a ƙofar gidan matan aure. “Ba a fitsari a nan”, wani lokaci har da tarar da za a ci mutum. “Wannan fili ba na sayarwa ba ne”, wanda kusan kullum rikicin gado ne a taƙaice. Hatta lambobin alli da ma’aikatan rigakafin shan inna suka yi shekaru suna rubutawa a ƙofofi, har aka ayyana Nijeriya ta rabu da cutar a 2020, rubutun bango ne, na hukuma.

Yanzu kuɗin ya sake ƙaura, ya koma shagon kwamfuta. Mai aski da a da zai kira mai fenti ya zana masa kawuna huɗu da aski iri-iri, yau hoton wani ɗan ƙwallo ake sauko masa da shi daga intanet, a buga a leda cikin awa ɗaya. Ɗan takara ma fosta yake so mai fuskarsa. Tirelar ƙarfe ta ture bodin katako, habaicin ya ƙanƙance ya koma sitika a bayan Keke Napep. Ba na kukan sauƙi, da kwamfuta nake cin abinci. Abin da ke damuna ƙugiya ce. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita da su a 1939, kuma mai buroshi ba abin da zai hana shi lanƙwasa kan harafi in ya ga dama. Amma yawancin salon haruffan da masu buga allo ke so a CorelDraw ba su da su. Ka rubuta ƙ, akwati ya fito, sai yaron shago ya goge ya sa k. Haka mai sayar da ƙosai ya koma mai “kosai”, mai ɗinki ya koma mai “dinki”, a allon da ya biya da kuɗinsa.

Ledar kuma ba ta da tsawon rai. Rana ta kwashe launinta, iskar farkon damina ta yage ta, a ƙarshe a shimfiɗa ta a shanya barkono. Zakin da aka zana da fentin mai a kan katako ya fi ta juriya nesa ba kusa ba. Ragowar rokokin da ke lodin hatsi ranar kasuwar Dandume suna nan da nasu, wasu kuma suna jingine a bayan gareji, tayoyi sun nutse a ƙasa, ana ɓalle katakon ɗaya bayan ɗaya ana hura wutar shayi.