Matthew Begbie da Laƙabin "Alƙalin Rataya"

Matthew Baillie Begbie (1819-1894) ya kama aikin alƙalanci a Birtish Kolombiya, yammacin Kanada ta yau, a watan Nuwamban 1858, lokacin da dubban masu haƙar zinariya suka kwararo Kogin Fraser, akasarinsu daga Kalifoniya. Shi ya tsara dokar filayen zinariya ta 1859, kuma bisa doki yake rangadin shari'a har yankin Cariboo. Tarihin wannan hidima sananne ne (Williams, 1977). Inda ake gardama shi ne laƙabin "alƙalin rataya", da ra'ayin masu cewa da igiya kaɗai ya ladabtar da sansanonin haƙar zinariya.

Alƙaluman da ake da su ba su goyi bayan wannan ra'ayi ba. Williams, marubucin tarihin rayuwarsa, ya ƙirga shari'o'in kisa 52 da Begbie ya saurara a zamanin mulkin mallaka. An sami mutum 38 da laifi, aka rataye 27. Masu taya alƙali yanke hukunci ne ke tabbatar da laifi, dokar Ingila ta lokacin kuma ta wajabta kisa ga mai kisa, don haka alƙali ba shi da zaɓi. Abin da ke hannunsa shi ne nema wa mutum sassauci wurin gwamna, ya kuwa sha yin hakan. Laƙabin ma sai bayan rasuwarsa ya yaɗu.

Sai dai masu suka suna da hujja mai nauyi: 22 daga cikin waɗanda aka rataye 'yan asalin ƙasar ne. Sun fi kafa hujja da rikicin 1864, lokacin da mutanen Tsilhqot'in suka kashe ma'aikatan hanyar da Alfred Waddington ke yankawa ta ƙasarsu zuwa filayen zinariya, shekara biyu bayan annobar agana ta yi musu mummunar ɓarna. Jagoran Tsilhqot'in, Klatsassin, da mutanensa sun zo sansanin jami'in gwamnati William Cox da zaton zaman sulhu ne, aka kama su. Begbie ya yanke wa biyar hukuncin kisa, aka rataye su a Quesnel ranar 26 ga Oktoba, 1864. A ganin masu suka, yaƙin kare ƙasa aka mayar laifin kisa.

Da wuya a ture wannan suka. Gaskiya ne daga baya Begbie ya soke wasu dokokin wariya da aka kafa wa Sinawa, ya kuma ƙi zartar da dokar hana bikin potlatch na 'yan asalin ƙasar a 1889, amma waɗannan ba su amsa tambayar ba: wa ya ba kotun Ingila hurumi a ƙasar da ba a ƙulla wata yarjejeniya a kanta ba? Gwamnatin lardin ta wanke shugabannin Tsilhqot'in da aka rataye a 2014, ta tarayya ta bi sahu a 2018.

Iyakar abin da hujja ta tabbatar shi ne Begbie bai fi dokar zamaninsa tsanani ba. Hukuncin 1864 kuwa zalunci ne, kuma da sa hannunsa aka yi shi.