Wa Ya Cancanci Gurbin? Tarihin Ɗaukar Ɗalibai a Ƙasar Indiya

Yau labarinmu na ƙasar Indiya ne. Babbar ƙasa ce, mutanenta sun zarce miliyan 1,400. Can, in za a ɗauki ɗalibai a babbar makarantar gwamnati wadda ake ce wa jami'a, ba duka gurabe ake zubawa a yi takara ba. Ana ware wasu, a ajiye wa ƴaƴan mutanen da aka danne tun kaka da kakanni. To, wa ya cancanci wannan gurbi? Sun fi shekara 70 suna jayayya a kan haka.

Ga tushen maganar. Kun san a nan wajenmu ɗan maƙeri yakan gaji ƙira, ɗan mahauci ya gaji fawa. Amma rijiya ɗaya muke sha, sahu ɗaya muke salla. A Indiya abin ya fi tsanani. Al'adar mabiya addinin Hindu ta kasa mutane hawa-hawa tun daga haihuwa. Na sama su ne Barahman, gidan malaman addini. Can ƙasa akwai masu shara, da masu kwashe bayan gida, da majema. Ana cewa ko taɓa su ƙazanta ne. Yau suna kiran kansu Dalit, wato waɗanda aka murƙushe.

A cikinsu aka haifi Ambedkar a shekarar 1891. Da aka sa shi lakwal, gefe guda yake zama bisa buhu. In ƙishirwa ta kama shi, ba shi da izinin taɓa ruwa, sai dai wani ya tsiyaya masa daga sama. Duk da haka ya yi ƙoƙari. A 1913 sarkin Baroda ya biya masa kuɗin karatu a Amurka. Daga nan ya tafi Ingila, ya zama lauya. Da Indiya ta samu mulkin kai a 1947, shi aka ba ministan shari'a, shi ya shugabanci masu rubuta tsarin mulki. Tsarin ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950, ya haramta ƙyamar taɓa mutum.

Ba a daɗe ba rigima ta tashi. Jihar Madaras tana raba guraben makarantun likita da na injiniya bisa asalin ɗalibai. Wata mata Barahman ta kai ƙara, ta ce an tauye hakkinta. A 1951 kotun ƙoli ta ba ta gaskiya. Cikin wannan shekara majalisa ta gyara tsarin mulki, ta ba hukuma ikon ware gurabe saboda waɗanda aka bari a baya.

Sharaɗin farko shi ne asali. Hukuma ta rubuta sunayen zuriyoyin Dalit, da na ƙabilun da ke zaune cikin dazuzzuka da duwatsu. A makarantun gwamnatin tarayya, cikin gurbi 100 Dalit suna da 15, ƙabilun daji suna da 7 da rabi. Addini ma ya shigo ciki. Dokar 1950 ta ce sai Dalit mai bin Hindu. A 1956 aka ƙara mabiya Sik, a 1990 aka ƙara mabiya Budda. Dalit wanda ya musulunta ko ya shiga Kirista ba ya cikin wannan jeri.

Sai maganar yawa. Jihar Maisur ta ware har gurbi 68 cikin 100. A 1962 kotun ƙoli ta soke, ta ce kada abin da aka ware ya zarce rabi.

Amma tsakanin na sama da na ƙasa akwai jama'a masu ɗimbin yawa: manoma, makiyaya, masaƙa, maginan tukwane, wanzamai. Ba a ƙyamar taɓa su, amma karatu ya wuce su. Wasu zuriyoyin Musulmi ma suna cikinsu. A 1979 aka naɗa kwamiti, wani mai suna Mandal ya shugabance shi. A 1980 kwamitin ya ce waɗannan mutane sun kai 52 cikin 100, a ba su gurbi 27. Ku yi lissafi da kanku: 15 da 7 da rabi da 27 sun tashi 49 da rabi. Wato an tsaya dab da rabi, don kada a saɓa wa kotu.

Shekara 10 takardar tana ajiye. A 1990 firaminista V. P. Sing ya zartar da ita wajen ɗaukar ma'aikata. Ɗalibai ƴaƴan manyan gidaje suka fito zanga-zanga, har wasu suka cinna wa kansu wuta. A 1992 kotun ƙoli ta yarda da 27 ɗin, amma ta kawo sabon sharaɗi. Ta ce a kwashe man da ya taso saman nono, wato a fid da ƴaƴan masu hali da na manyan ma'aikata. Daga nan asali kaɗai bai isa ba, sai an duba aljihun uba. Dokar 2006 ta kai wannan tsari cikin jami'o'in tarayya. A 2017 aka sa iyakar samu rupi 800,000 a shekara.

Su kuma talakawan manyan zuriyoyi suka ce: mu fa? Suna ba ya cika tukunya. A 2019 aka ware musu gurbi 10 cikin 100, bisa sharaɗin ƙaramin samu da gonar da ba ta kai eka 5 ba. Kotu ta amince a 2022, alƙalai 3 suka rinjayi 2. Ke nan an tsallake rabin nan. A 2024 kuma ta ba jihohi izinin sake kasa Dalit gida-gida, domin wasu zuriyoyi sun kwashe kaso mai tsoka, wasu ko ƙanshi ba su ji ba.

Kada ku zaci kyauta ake ba da gurbin. Dole yaro ya ƙare sakandare, ya zauna jarrabawa ɗaya da kowa. Dole ya kawo takardar shaidar asali daga hukumar yankinsu. Sannan a gwada makinsa da na ƴan rukuninsu, a ɗauki na gaba-gaba. Sau da yawa makin da ake nema wajensu bai kai na sauran ba. In kuwa ya ci da yawa, sai ya shiga gurbin kowa da kowa, ya bar wa ɗan'uwansa keɓaɓɓen.

Masu suka suna cewa ana barin mai ƙoƙari a ɗauki wanda bai kai shi ba. Masu goyon baya suna amsawa da cewa wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi: gidan da aka hana wa karatu shekaru aru-aru ba ya kamo na gaba cikin kwana ɗaya. Gaskiya ne ƴaƴan masu shara sun zama likitoci da alƙalai. Gaskiya ne kuma akwai masu sayen takardar asali ta ƙarya.

Abu guda ne babu gardama a kansa. Gurbin yana can ƙarshen hanya. Yaron da aka fitar daga lakwal tun yana aji uku ya tafi kiwo, da yarinyar da aka aurar tun ba ta iya rubuta sunanta ba, ko an ware musu kujera ɗari, wasu ne za su zauna.