Gadon Alƙalami a Birnin Kano

Tarihin Kano ya nuna mana cewa Wangarawa sun iso daga Mali da addinin Musulunci a zamanin Sarki Yaji (1349-1385). A zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuma Shehu Magili ya sauka a birnin nan, har ya rubuta wa Sarki littafi kan sha'anin mulki. Tun daga nan tawada ba ta bushe ba a zaurukan malamai, irin na Madabo.

Hannun rubutun da muka gada na Magariba ne: ɗigon "fa" a ƙasa yake, na "ƙaf" kuwa ɗaya tak a sama. Da malamanmu suka juya ga rubuta Hausa, sai suka ari ɗigon imala na ƙira'ar Warshu domin wasalin "e", suka ɗora wa "ɗa mai hannu" ɗigo uku domin "tsa". Wannan shi ne ajami.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, boko ya mamaye ofis da makaranta. Yau wasiƙun kakanninmu da waƙoƙinsu na wa'azi suna jibge cikin adaka, gara na ci, yawancin jikoki ba su iya karantawa. Wajibinmu ne mu zaunar da yaranmu gaban dattawan da suka iya, tun suna raye. Allah ya jiƙan magabata, amin.