Tafiyar Littafin Hausa Daga Tudun Wada Zuwa Tafin Hannu

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu daraja, na san da yawanku ba ku manta da kabad ɗin nan na kusurwar laburarenmu ba, inda ake kulle littattafan Hausa. Ni na riƙe mabuɗinsa shekara biyu. A cikinsa na fara cin karo da Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta game da zuwansa Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Kusa da shi akwai Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano. Da waɗannan biyu yaron da bai taɓa wuce tashar motar garinsu ba ya ga teku, ya ga Landan. Amma a lokacin ban taɓa tambayar kaina yadda shi littafin ya yi tasa tafiyar har ya iso hannuna ba. Wannan tafiya nake so mu ɗan waiwaya.

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar ƙaga labari da Hausar boko. Daga gasar aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada, sa'an nan a 1966 aka kafa kamfanin NNPC. A wancan zamani ƙofa ɗaya ce. Sai edita ya duba rubutunka, ya gyara, ya amince, kana a buga, a ɗaure cikin kwali, a loda a mota zuwa makarantu irin tamu. Littattafan ba su da yawa, amma abin da ya fito ya zauna.

Zango na biyu Kano ne. A shekarun 1980 tattalin arziki ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya. Sai matasa maza da mata suka ce ba za su jira ba, suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Masu suka suka laƙaba wa wannan rubutu suna adabin kasuwar Kano. Duk da haka 'yan kasuwa suka bi da shi Katsina da Sakkwato, suka ƙetara da shi Maraɗi da Damagaram, kuma mata da dama a cikin gidaje da shi suka ƙware a karatun boko. Har ila yau, shi Alhaki Kwikwiyo sai da ya kai Indiya, inda aka buga fassararsa ta Turanci a 2012.

Zango na uku ba shi da gari. A ƙasashen waje tun 1971 wani Ba'amurke, Michael Hart, ya fara zuba littattafai cikin kwamfuta don kowa ya karanta kyauta, kuma a 2007 kamfanin Amazon ya fito da na'urar karatu mai suna Kindle. Mu tamu hanyar daban ta biyo. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, da ta ƙara wayo kuma sai marubutanmu, musamman mata, suka mayar da ita maɗaba'a. Marubuciya takan rubuta labari kashi-kashi, ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, wanda ya ji daɗi ya tura kuɗi a sa shi cikin zauren masu biya. Wani abokin ajinmu da ke zaune a zangon Kumasi ya gaya mini iyalinsa kan karanta labari a daren da aka rubuta shi a Gusau. Tafiyar da kwali kan yi wata yana yi, yau ƙiftawar ido ce.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Babu editan da zai tsaya a ƙofa, shi ya sa ƙa'idar rubutu take shan wuya. Wanda ya biya yakan tura wa mutum goma da ba su biya ba. Abin da ya fi damuna shi ne adana. Dandalin OkadaBooks, wanda aka buɗe a 2013 kuma marubutan Hausa da yawa suka sayar da littattafansu a kansa, ya rufe a ƙarshen 2023. A gidana ma na ga aya. 'Yar ƙanena ta shafe wata bakwai tana rubuta labari a wayarta, aka sace wayar a kasuwa, abin da ya tsira sai kashi huɗu da wata ƙawarta ta ajiye. Alhali kuwa Ruwan Bagaja, mai shekara casa'in da ɗoriya, yana nan a kan kantata, bangonsa ya yage amma ko shafi bai ɓata ba.

Ba ina cewa a koma jiya ba ne, domin ni kaina da idona ya yi rauni na fi jin daɗin waya, tunda ina iya ƙara girman baƙaƙen. Roƙona gare mu iyaye da kakanni shi ne, duk wanda yake da marubuci a gidansa ya tambaye shi inda ya ajiye aikinsa. Ya taimaka masa a buga ko da kwafi biyu ne a takarda, ɗaya a gida, ɗaya a laburare. Ni dai na biya an buga wa 'yata kashi huɗun da suka tsira, ta kuwa ɗauki biro ta ci gaba daga na biyar.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa na raye lafiya.